Yadda Na Saka Shugabanmu Cikin Shanu

Ba don Allah na karɓi aikin nan ba, don Sanusi na karɓa. Ɗan gwaggona ne, shi ya tsara wa manoman shinkafa na Bakura shafin intanet, tun daga nan ko'ina sai ka ji, "Sanusi akwai kai." Abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Da ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya a Talata Mafara ta nemi mai tsara nata shafin, na miƙe kafin a rufe baki.

Sanusi ya ce in fara zana sassan a takarda, in san mazaunin kowane abu. Na ce gwani ba ya zane. Sashen shugabannin ƙungiya na sa masa suna "Manya". Dabbobin sayarwa ma na raba su "Ƙanana" da "Manya". Na loda hotuna ina murmushi ni kaɗai.

Ranar nunawa, wani makiyayi daga Maradun ya ce a gwada masa shanu. Na danna cike da isa. Sai ga Alhaji Garba, shugabanmu, da rawaninsa, a ƙasa an rubuta: "Lafiyayye, a taya."

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, nawa aka taya ni?"

Wuri ya kece da dariya. Sanusi ya karɓa ya gyara, shi aka sa wa albarka.

Har yau in na ratsa kasuwar shanu, dillalai kan ƙwala mini kira: "Injiniya, an sai da Alhajin, ko shina nan?"