Yadda Za Ka Gyara Gidan Gandu a Tsakiyar Damina Ba Tare da Ka Kama Hauya Ba

Kai mushe, wato malamin makarantar boko, an rufe lakwal, an sallame ka dogon hutu, ka ɗauko jaka daga Maradi ka sauka Dakoro da takalmi mai sheƙi. Sai ka tarar ruwa ya sauka, hatsi ya fito, ciyawa ta fi shi sauri. Ba ka gama gaisuwa ba, mahaifinka ya dubi tafin hannunka, ya dubi hauyar da ke jingine a zaure.

Kada ka firgita. Akwai aikin da ya fi noma kwarjini, kuma a inuwa ake yinsa: gyaran gida. Duk wanda ya bi matakan nan, na yi masa alkawari zai koma aji bai kama ƙotar hauya ba. An gwada su a gidan Elhaji Badaru, don haka da sunayen mutanen gidansa zan yi bayani. Kai ne ɗansa Yakubu. In sunanka ba Yakubu ba ne ka yi haƙuri, halin dai ɗaya ne.

Mataki na ɗaya: Ka riga kowa ganin matsala

Da safe, kafin Elhaji ya buɗe baki, ka tsaya tsakar gida ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai a hankali. Ka dubi turmi, ka dubi igiyar jaki, ka dubi kazar da ke kwance cikin kwanon tuwo.

"Baba, gidan ga ba ya da tsari."

Zai ce, "Gonar ma ba ta da shi. Ɗauki hauya."

Ka ce lafiyar manomi daga muhallinsa take farawa, kuma an yi bincike a kai. Kada ka faɗi wanda ya yi binciken. Mutumin da rana ke jira a gona ba ya da lokacin gardama. Zai yi tsaki ya fita da yayyenka, gida ya zama naka.

Mataki na biyu: Ka fara da madafa

A madafa za ka tarar da Dela, matar yayanka, tana dama furar da za ta kai gona. Ka gaishe ta da wasan da kuka saba.

"Matata, yau za ki ga aikin ilimi."

"Mijin hutu ke nan," za ta ce. "Ilimin ya iya surfe?"

Ka yi kamar ba ka ji ba. Ka jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama. Ka haɗa gishiri da kanwa wuri guda tunda dukansu farare ne. Muciya da tsintsiya dogaye ne, su ma su zauna tare. Manufar tsari ita ce mai kaya ya daina samun kayansa sai ya tambaye ka. Daga ranar da aka fara cewa "Mushe, ina ludayi?" ka zama mutumin da ba a iya turawa gona.

Mataki na uku: Ɗakin ajiya

Ka jira Dela ta ɗora ƙwaryar fura a ka ta fita, sannan ka buɗe ɗakin ƙurya, wanda ba ya yoyo. A can za ka ga tulin itatuwa an ɗaure su da igiyar fata: dirkoki masu sassaƙa, dogayen sanduna, da asabari a naɗe.

Bari in gaya maka mene ne su, domin ka san abin da ba za ka tambaya ba. Kayan Intalla ne, makiyayi, aminin mahaifinka tun kafin a haife ka. Duk kaka, in an cire amfanin gona, a gonar Elhaji yake sauka da garkensa, dabbobi su ci kara su bar taki. Yashin gonarku ba ya ba da hatsi don kyan halinku, kashin dabbobin Intalla yake ci. Maƙwabcinku Abarci ya daɗe yana yi wa garken nan murmushi da buhun dusa, Intalla bai taɓa waiwayarsa ba. Su kuwa itatuwan, tantin auren ɗiyarsa ne. Matarsa Sharifa ce take tara su ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, kamar yadda uwa take yi a wajensu, ta kawo ajiya kafin su hau arewa kiwon damina. Biki sai ruwa ya ɗauke.

Duk gidan an san wannan, har jaki. Kai kaɗai ba ka sani ba, domin shekarun da ake tara su kana Yamai kana karatu. Mai gyara na gaskiya ba ya tambayar abu na wane ne. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana hana aiki. Ka kira su tarkace, ka fitar da su.

Mataki na huɗu: Ka mai da tarkace abin alfahari

Ƙone su ɓarna ce, kai kuwa mai tattali ne. Ka kafa rumfar shan shayi a tsakar gida, ka shimfiɗa asabarin a sama. Za ka ga dirka ɗaya ta fi sauran tsawo. Ita ce ta tsakiyar tanti, amma kai ba ka sani ba, kuma ido ba ya son rashin daidaito. Ka ari zarto ka rage mata kamu ɗaya.

Sassaƙar da ke jikinsu tana tara ƙura. Ka sayo fenti shuɗi mai mai, irin na ƙofar shago, ka shafe su sama da ƙasa har zanen ya nutse.

Dela za ta dawo ta tsaya bakin zaure, ƙwarya a hannu. Za ta dubi rumfar, ta leƙa ɗakin ƙurya, ta sake dubar rumfar.

"Mushe, ina ka samu itacen ga?"

"A inda kunka bar shi yana ruɓewa."

Za ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. "Allah shi ƙara basira, mijina. Ni dai ban gani ba, ina gona."

Ka ɗauki wannan a matsayin yabo.

Mataki na biyar: Ka karɓi godiya

Elhaji zai dawo dab da magariba a gajiye, ya ga wani abu shuɗi ya tsiro masa a gida. Fenti ya ɓoye komai. Zai zauna a ƙarƙashi, ya miƙe ƙafa, ya ce ashe karatun bai tafi a banza ba. Ka sunkuyar da kai, ka ce ai ba komai. Ka more wannan yammacin sosai.

Mataki na shida: Ranar kasuwa

Makiyayi yakan gangaro kasuwar Dakoro ya sayar da akuya, ya sayi hatsi da sukari, ya biyo gidan amininsa. Elhaji da kansa zai ja hannun Intalla zuwa rumfar.

"Zo ka ga aikin ɗanka mushe."

Kai za ka dafa shayin. A kofi na fari Intalla zai tambayi lafiyar gona. A na biyu zai jingina da dirkar tsakiya, ka ga yatsunsa suna shafa ta a hankali, suna bin ramukan da fenti bai gama cikewa ba. Zai ɗaga kai ya dubi asabarin. Zai gyara rawaninsa har ya rufe hanci. In makiyayi ya ja rawani haka, ka rage wutar shayi.

"Elhaji, itacen ga ya yi kama da wani da na sani."

"Itace ai duk dangin juna ne."

"Haka ne. Sai dai wanda na sani ya ɗan fi wanga tsawo."

Elhaji zai tashi ba takalmi ya nufi ɗakin ƙurya. Za ka ji ƙarar ƙofa, sannan salati mai tsawo. Zai fito yana neman abin duka, ya rasa, domin ka gyara gida, ba wanda ya san inda sanda take.

Intalla zai riƙe masa riga. "Zauna, Elhaji. Ni ba ni da magana. Tanti na mata ne, ko ni baƙo nike a cikinsa. Sai yaron ya tahi ya gaya ma Sharifa da bakinsa." Zai kurɓi kofi na uku. "Ɗazu ma na gamu da Abarci a kasuwa. Ya ce karan gonarsa bana zai yi kyau."

A nan kada ka ce an yi bincike.

Mataki na bakwai: Ka kai rahoto

Ka kwance rumfar, ka loda ta a amalanken jaki, ka bi Intalla arewa wajen Azagor. Elhaji zai raka ka bakin gari da addu'a guda: in garken nan ya sauka gonar Abarci, kai ma ka nemi uba a can.

Sharifa ba za ta ɗaga murya ba. Za ta sa a jera itatuwan a kan yashi, matan zango su kewaye su kamar an kawo gawa. Amaryar za ta leƙo, ta ce ita dai shuɗin bai yi mata muni ba. Uwar za ta dube ta sau ɗaya, amarya ta koma ciki, Sharifa ta juyo wajenka.

"Kai ne mushe?"

"Ni ne, Inna."

"Mi kake koya ma yara?"

"Lissahi."

Za ta ɗaga guntuwar dirkar, ta tsayar da ita kusa da ango, wanda dogo ne kamar raƙumin ubansa. Dirkar za ta tsaya masa a haɓa.

"To lissafa mini yadda wanga zai shiga ɗakinsa."

Ka dubi dirkar, ka dubi angon. Za ta miƙo maka ƙaramar wuƙa da ƙoƙon yashi. Fentin nan zai fita daga kowane rami na sassaƙa, kuma kai za ka fitar da shi, a zaune a rana, matan zango suna wucewa suna duba aikinka suna ba ka maki. Madara da dawo za ka ci har hutunka ya ƙare. Tafin hannunka zai yi kanta irin wadda yayyenka ba su taɓa samu a gona ba.

Ran da ka kankare dirka ta ƙarshe, Sharifa za ta duba su ɗaya ɗaya, ta kira mijinta ta yanke hukunci a gabanka.

"Shanu da awaki su sauka gonar Elhaji kamar kullum, shi bai yi mini komi ba. Raƙuma kuwa bana wajen Abarci za su kwana. An rage mini dirka, a rage musu taki."

Ka yi godiya ka kamo hanya. Elhaji zai saurari saƙon, sannan ya kai ka gefen gonar da raƙuma suka saba kwana, ya nuna maka shi da baki. Daga bana sunan wurin Gefen Mushe, kuma in hutun sanyi ya zo, da kwando za ka riƙa kai masa taki daga juji.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai san ka ba, bai ara maka zarto ba, kuma ranar da aka sayi fenti yana Maradi. Ba ya ɗaukar alhakin rushewar aminci, ƙarancin hatsi, ko angon da ke shiga tantinsa a duƙe. Mai ƙorafi ya kai shi wajen Sharifa da kansa. Ta ce akwai sauran yashi.