Yadda Ake Daɗewa a Daɓe Bayan Murya Ta Yi Ritaya

A gafarce ni da wannan karambani. Ni da ko a aji aka ce in tashi in yi karatu sai in ɓuya a bayan na gabana, ban san abin da ya kai ni koyar da waƙa ba. Amma 'yar'uwa, na yi miki alkawari: in kika bi matakan nan, za ki tsufa a kan daɓe kina waƙa da barkwanci, ba mai sauke ki. An gwada su a kan Hajiya Safara'u, wadda ta fara yi wa ma'aikata wasa tun masaƙun Bompai na saƙa atamfa.

Mataki na 1: Zaɓi 'yan kallon da suka gaji

Kada ki je gidan biki, wanda ya ƙoshi ya iya kushe. Nemi walimar ƙarshen shekara ta kamfani. Mutumin da ya wuni a tsaye gaban inji, in aka ba shi benci da lemo mai sanyi, ko tari kika yi sai ya tafa. Hajiya ta yi masaƙun Bompai har aka rufe su, ta koma majemun Challawa, inda warin fata ya hana kowa buɗe baki ya yi mata ihu. Yanzu kamfani ɗaya ne ya rage yana kiranta, na bokitan roba a Sharada. Kada wannan ya dame ki. Masana sun ce mai guga ɗaya ba ta neman rijiya biyu.

Mataki na 2: Kwaikwayi manaja, amma wanda ya bar aiki

Turo ciki gaba, ki riƙa duba agogo, ki yi waƙar "ba ƙarin albashi bana". Manaja mai ci zai fi kowa dariya. Ke kuwa ki riƙa lura da tafiyarsa, zai yi miki amfani nan gaba.

Mataki na 3: Ƙirƙiri yaya

Duk wanda ya ce babansa ya kalli wasanki yana saurayi, ki ce ai yayarki ce, kuna kama. Hajiya ita ce 'yar fari a gidansu.

Mataki na 4: Nemi jiniya

Nan ne sirrin yake. Waƙar da Hajiya ke rufe wasa da ita tana ƙarewa da wani dogon jan murya, siriri, wanda a da sai kwanon rufi ya amsa. Muryar ta daɗe da tafiya ba sallama. Sai Labaran, mai yi mata kalangu, ya ɗaura agogo. Shi ne zai ja kiɗa ko ya gaggauta, har baitin ƙarshe ya faɗa daidai lokacin da jiniyar canjin duti za ta tashi. Hajiya ta ɗaga hannu, ta lumshe ido, ta wangale baki, jiniya ta ƙarasa aikin. Haka ake yi duk shekara. Ki tabbata makaɗinki ba mai surutu ba ne.

Mataki na 5: Kada ki nuna kin ga yarinya

Bana Abdulbaƙi, sabon sakataren kwamitin walwala, ya kawo wata Zulfa, mai rera waƙa a kan kiɗan waya. Ya ce za a saurari su biyun, wadda kwamiti ya zaɓa ita za a riƙa kira. Wato in Hajiya ta faɗi, daɓenta na ƙarshe ya tafi ke nan. Zulfa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ce kakarta ma tana son waƙoƙinsu.

"Na yayata take nufi," in ji Hajiya. "Allah ya yi albarka. Matsa mini, kin taka mini gyale."

Mataki na 6: Kada ki tambayi abin da ya canza

Zulfa ta yi nata, aka tafa sosai, don gaskiya yarinyar akwai murya. Hajiya ta hau, ta yi manajan bara, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Aka zo waƙar rufewa. Labaran ya duba agogo, ya gyaɗa kai. Ta ɗaga hannu, ta wangale baki.

Shiru.

Ashe tun da damina kamfani ya cire jiniya, ya sa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Ba wanda ya ga dalilin faɗa wa mai kalangu. Labaran ya girgiza agogo, ya kara a kunne. Abin da ya fito daga maƙogwaron Hajiya kamar ƙyauren da ya manta da mai. Abdulbaƙi ya fara murmushi.

Sai Malam Ado, wani tsohon mai narka roba, mutumin Damagaram, ya haɗa tafin hannunsa a baki daga can baya, ya saki kukan jiniya. Na kusa da shi ya kama. Kafin ƙiftawar ido duk rumfar ta ɗauka, har da Zulfa. Da yake jiki ba ya mantuwa, 'yan dutin safe na jin kukan suka miƙe zumbur, suka sungumi kwanukan abincinsu. Kwamiti ya waiga ya ga jama'a a tsaye. Ba a taɓa miƙe wa kowa a Sharada ba, sai ranar. Abdulbaƙi ya haɗiye murmushinsa, ya ce Hajiya sai baɗi.

Da ta sauko ta jawo Labaran gefe.

"Kai, ashe sun sani?"

"Hajiya, tun Bompai."

Ta goge ido da bakin gyale, ta ce kwalli ne ya shiga. Sannan ta ce, "To faɗa musu baɗi su ƙara tsawo. Sun katse ni."

Tsame hannu

In kika gwada wannan aka jefe ki da bokiti, ba ruwana, ban ce ki yi a inda ba a san ki shekara da shekaru ba. In kuma Hajiya ta tambayi wadda ta tona mata asiri, ba ku gan ni ba. Ina can kujerar ƙarshe, kuma da 'yan dutin safe suka nufi ƙofa, na ja mayafina na bi ta tsakiyarsu.