Kajin Waya da Rabin Askina

Mai karatu, da rabin kai a aske nake rubuta wannan shafi, kuma ina roƙon a saurari bayanina kafin a yanke mini hukuncin taɓin hankali.

Jiya aka kira ni ganawar neman aiki, ta farko tun da na karɓi difloma. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Na goge kwat ɗin yayana, na haddace amsoshi, aski kaɗai ya rage. Da sassafe na shiga shagon mai askin layinmu. Ya ɗaura mini ƙyalle, ya tayar da janareto, ya faro daga kunnen dama. Yana kaiwa tsakiyar kai sai wayarsa ta yi cara kamar zakara. Ya ajiye injin a cinyata.

"Yi haƙuri, Ɗan Difloma, kajina sun yi ƙwai. In ban kwashe yanzu ba ruɓewa za su yi."

Ga wanda Allah ya tsare bai san zancen ba, wasa ne na waya. Kajin zane ake kiwo, a danna allo su yi ƙwai, ƙwan ya zama maki, makin kuma, in ji talla, ya zama kuɗi na gaske. Tallan yana kan ƙaton allo a mahaɗar titinmu: wani saurayi ya washe baki ya jingina da motar da bai yi kama da ko direbanta ba, an rubuta "Yi wasa, ka yi arziki." Allon nan shi kaɗai ke haske a unguwar, domin fitilun titi sun daɗe da riga mu gidan gaskiya.

Na ce, "Maigida, ka taɓa cire ko sisi?"

"Saura ƙiris. Mutum ɗaya za ya yi rajista ta hannuna, shi ke nan. Kawo wayarka."

Na ƙi cikin ladabi, na tuna masa cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma watan jiya ma ƙiris ɗin ne ya rage.

"Ai sun ƙara tsawon ma'aunin ne saboda masu ci sun yi yawa. Matsalarku ku 'yan boko ke nan, tunani ya hana ku arziki."

Kafin ya gama kwasar ƙwai, janareto ya yi tari ya mutu. Man ya tafi a cajin wayoyin sauran makiyayan da ke jere a benci. Duk shagunan aski na kusa a rufe, masu su suna gidan mai. Na kifa hula, wadda ta rufe sama ta bar shaida a gefe, na ɗauki jarka na bi su.

A layin mai na sami sararin yi wa manyanmu godiya, iyayen talakawa, masu kwana da mu a zuci su tashi da mu a jawabi. Sun yi alkawarin sama wa matasa aikin hannu, kuma ba su karya ba: daga farkon layin har ƙarshensa babu babban yatsan da ke zaune banza. Na ji ma an kafa kwamitin yaƙi da tallan yaudara. Ya sayi motoci, ya yi bita a otal, kullum yana wucewa ta ƙarƙashin allon nan. Ba laifinsa ba ne. Gilashin motocin ne ke da duhu.

Na tambayi mai zuba mai yaushe tanka za ta iso. Bai ɗago ba ya ce, "Saura ƙiris."

Da lokaci ya ƙure na bar jarkar a layi, na garzaya ofishin. Masinja ya ce ba a shiga wurin Yallaɓai da irin wannan hula. Na cire. Ya dube ni, ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na shiga ina shirya yadda zan bayyana kaina, a zahirinsa da kuma a ma'anarsa.

Ashe wahalar banza na yi. Yallaɓai, uban marasa aiki, garkuwar masu takarda, bai ɗago ya kalle ni ba. A kan faffaɗan teburinsa, tsakanin fayiloli masu ƙura, wayarsa ta yi cara.

"Difloma ko? Madalla. Kana da waya?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe."

"Miƙo. Muna son matasa masu tafiya da zamani."

Zomon da na yi wa mai aski wa'azi da shi bai biyo ni ofis ba. Na miƙa da hannu biyu. Ya yi mini rajista ta hannunsa, ya mayar mini da ita da 'yan tsakina a ciki.

"Batun aikin fa, ranka ya daɗe?"

"Saura ƙiris. Ka riƙa leƙowa."

Da yamma na koma shago, an sami mai. Mai aski ya ɗaura mini ƙyalle, ya kunna inji, sai aljihuna ya yi cara. Ya kashe injin a hankali.

"Ta hannun wa?"

"Ta hannun manya."

Ya kwance ƙyallen, ya kaɗe shi, ya ninke. "To, manyan su ƙarasa maka."

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Nawa bai sami wannan matsayi ba. A gafarce ni in ajiye alƙalami a nan, kajina sun yi ƙwai. Ba wai na gaskata tallan ba ne. Masinja ne ya raɗa mini cewa Yallaɓai yana gani daga wayarsa wanda ya bar nasa suka ruɓe.