Ɗalibar Digiri da Daƙiƙin Aji Huɗu

"Lafiya lau na kwana, sai gajiyar aiken tsohuwar da ta ƙi yarda ta tsufa," in ji saurayin, yana sunkuyar da kai don kada ƙofar ajin ta buge masa goshi.

"Shigo, Falwaya. Haka ake zuwa wurin amarya, fuska kamar an aiko maka da sammaci?"

Ranar Asabar ce, makarantar firamaren shiru. Babbar Malama, kamar yadda malamai da yara ke kiran shugabarsu, ta ture bencuna gefe, ta ajiye baho cike da ruwa a kan tebur, ga ƙusa, ga kwanon sha na ƙarfe. Ritaya na ƙwanƙwasa mata ƙofa ta je ta shiga digiri na biyu a fannin koyarwa da na'urori, a jami'ar da jikanta Falwaya ke karatun injiniya. Abin da ya kai ta, an kawo wa makarantarta ƙananan kwamfutoci da na'urar haska darasi a bango, suka zauna a sito har gizo-gizo ya yi musu saƙa, don babu malamin da ya iya koyarwa da su. Ta yi alwashin ba za ta miƙa makulli ta bar su haka ba. Yanzu malamanta matasa sun zuba ido su ga yadda za ta ƙare. Ta san in ta faɗi, za su ce abin ba na malamin firamare ba ne.

Kuma ga shi Dakta, malamin da ke duba aikinta, ya dawo mata da bidiyon darasin da ta ɗauka. Ya ba ta zuwa Litinin ta kawo wani.

"Ina saƙona?" in ji ta.

"Ga shi. Kasuwa na zagaye kaf ina neman makirfon da zai iya jure muryarki. Mai shagon ya ce in na tsohuwa ne ba ya karɓar maido."

Ta juya ɗan makirfon a tafin hannunta. "Wannan ɗan mitsitsin? Na aiki miji sayen makirfo ya dawo mini da ƙwaro."

"A wuyan riga ake maƙala shi, 'yar ƙauye."

"Na sani, ɗan birni. Mun yi shi a aji tun zangon farko, lokacin kana can kana neman ƙofar ɗakin karatu." Ta maƙala shi, ta haɗa shi da wayarta, ta ɗora wayar a kan maɗori mai ƙafa uku ba tare da ta dube shi ba.

Falwaya ya taɓe baki. "Ni dai roƙona ɗaya, ki daina ɗaga mini hannu a jami'a. Abokaina sun ce wace hajiya ce ke bina da jakar goyo."

"Ka ce musu matarka ce. Kishi ne ke cin ka, don samarin ajinmu rububin ba ni kujera suke."

"Tsoro suke kada ki faɗi a ce su ne."

"Gemu ba ya hana ilimi, balle furfura."

"Amma yana hana ganin allo. Me Dakta ya ce da na farkon? Ki faɗa da bakinki, ba zan yi dariya sosai ba."

Ta gyara mayafi. "Ya ce muryata kamar daga cikin rijiya. Wannan laifin waya ne. Ya kuma ce na tsaya ƙiƙam kamar mai karanta sanarwar rasuwa."

"Wannan fa laifin wa?"

"Danna mini abin nan ka rufe baki."

Ya danna. Babbar Malama ta dubi ɗan baƙin idon wayar, ta yi gyaran murya. "Yara, barkanku da warhaka. Darasinmu na yau shi ne abubuwan da ke nutsewa a ruwa da waɗanda ba sa nutsewa. Manufar darasin ita ce..." Ta ji muryar da kunnenta, busasshiya kamar kara. Ta sake daga farko, ta ƙara bushewa. Ita da ta shafe rayuwarta a gaban allo, wadda in ta ɗaga gira aji ke yin tsit, yau ga ta tana lalube a gaban abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ba ilimin ne ya ɓace mata ba. Fuska take nema, ta ga inda aka gane da inda aka ɓata, wayar kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

"Allah Ya jiƙan mamacin," in ji Falwaya a hankali. "Yaushe ne jana'iza?"

"Za ka riga ni, da wannan tsawon naka da ba ya tare komai sai iska."

"Gaskiya Dakta ya yi miki kara. Da ni ne, da na ce ki koma gida ki riƙa ba jikoki tatsuniya."

"Jikokin da babbansu kai ne? Gara in koyar da bango."

Bai kashe wayar ba. Ya jawo benci ɗaya na 'yan aji huɗu ya dunƙule a kai, gwiwoyinsa har haɓa, ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu. "Malama, ni, ni."

"Tashi kada ka karya mini kayan gwamnati."

"Malama, tambaya gare ni. An ce jirgin ruwa ƙarfe ne. Ƙarya ne ko? Ai ƙarfe nutsewa yake."

Ta harare shi. "Wa ya gaya maka?"

"Kakata. Amma dama ta fara ruɗewa."

"Kakarka da hankalinta, jikan ne aka yi asara. Zo nan." Ta ɗauki ƙusa ta nuna masa. "Mene ne wannan?"

"Abin sakace haƙorin Malama."

"Ƙusa ce, ta ƙarfe." Ta sake ta a baho, ta tafi ƙasa. Ta ɗaga kwanon. "Wannan fa da me aka yi shi?"

"Ƙarfe."

"Wanne ya fi nauyi, shi ko ƙusar? Riƙe ka ji."

Ya auna shi a hannu. "Kwano."

"To in na sa shi a ruwa me zai faru?"

"Zai bi ƙanwarsa ƙasa."

Ta ɗora kwanon a kan ruwa, ya zauna yana lilo. Falwaya ya zaro ido ya ja da baya. "Malama tana da aljanu."

"Aljanin da na sani guda ne, ga shi a gabana. Matso. Sa tafin hannunka a cikin kwanon, ka danna a hankali. Me ka ji?"

"Ana turo ni."

"Wa ke turo ka?"

"Ruwan."

"Madalla, ashe akwai ɗan abu a cikin kan nan. Ruwa ba ya son a ture shi daga wurinsa. Ka ture shi, ya rama. Dubi gefen bahon, ka ga ya hau sama? Kwano faffaɗa ne, cikinsa iska, ruwa mai yawa yake turewa kafin ya samu wurin zama, ruwan kuma ya taru ya tallabe shi. Ƙusa fa, ruwa nawa ta ture?"

"Ɗan kaɗan, kamar abincin da kike zuba mini."

"Shi ya sa ba ta samu mai tallabar ta ba, kamar kai ranar da za ka je neman aure."

"To Malama, in kwanon ya sha ruwa fa?"

"Wannan ita ce tambayar da nake jira." Ta kamfaci ruwa da hannu tana zubawa a ciki kaɗan-kaɗan. Kwanon ya yi ta yin ƙasa, bakinsa ya zo daidai da ruwan, ya karkace ya nutse. Ta juya, ba ta ma san wayar take kallo ba. "Kun gani ko, yara? Shi ya sa in jirgi ya huje ake gaggawar kwashe ruwan. Yau kowa ya nemi murfin kwalba da cokali a gida, ya gwada, gobe ya gaya mini wanne ya nutse, kuma don me."

Falwaya ya miƙa dogon hannunsa ya danna wayar.

Ta tsaya da jiƙaƙƙen hannu. "Dama tana ɗauka?"

"Ba ki ce in kashe ba."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suka kalla. Murya ta fito tar. Matar da ke cikin wayar tana motsi, tana harara, tana dariya da ido, ita ce dai Babbar Malamar da yara suka sani. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta goge hannu, ta jawo kwamfutarta ta tura bidiyon ciki.

"Yanzu sai ki ba ni in yanke muryata," in ji shi, "ki sa wani yaro ya maimaita tambayoyin."

"Wa ya ce maka ban iya yanka ba? Zan cire jana'izar farko, da maganar aljanu, da ta neman aurenka don kada in tona maka asiri. Sauran yana nan."

"Kaka, fuskata ta fito fa."

"Yau kuma na zama Kaka? Ina tsohuwar?"

"Dakta yana haska aikin ɗalibai a babban zaure. 'Yan ajinmu za su gani. Injiniya guda yana tambaya ko ƙarfe na nutsewa."

"Ai sai su san inda ka koya." Yatsunta na tafiya a kan madannai, tana yanka tana haɗawa. "A ƙarshe zan rubuta: tsarawa da gabatarwa, Babbar Malama. Daƙiƙin aji, mijinta."

"Ki rubuta mai ɗaukar hoto."

"Maɗori ne ya ɗauki hoto, kuma bai yi mini rashin kunya ba."

"To mai ba da shawara kan fasaha."

"Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, yaro. Ranar Litinin Dakta, ranar Talata malamaina. Zan buɗe siton nan, in haska musu kai a bango, ƙato, gwiwa har haɓa. In sun ga daƙiƙi irinka ya gane, babu wanda zai ce ba zai iya ba."

Falwaya ya dube ta, ya dubi kansa a allon kwamfutar, baki buɗe gaban kwano. Dariya ta ƙwace masa har bencin na ƙara.

"Na sallama. Gaba da gabanta. Amma ko ladan aike babu?"

Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko alewa guda irin wadda take ba yaron da ya yi tambaya mai kyau, ta danƙa masa a hannu.

"Ungo. Ka shanye, sannan ka zubar mini da ruwan nan, ka mayar da bencunan yadda suke. A ajina wanda ya zo na ƙarshe shi ke shara."

"Ai ni kaɗai ne a ajin, ni ne na ɗaya."

"Kai kaɗai ne, kuma ka zo na ƙarshe," in ji ta, ta miƙa masa tsintsiya.