Kawu Nomau da Wayifayin Gidanmu

Gidanmu mutum uku ne: Inna, da ni da na dawo daga Fatakwal bayan shekara bakwai ba aiki ba kwanciyar hankali, sai ƙanenta Kawu Nomau, wanda in ka ce masa tsaya nan, to ko ruwan sama ya sauko nan za ka same shi. Na sayo na'urar wayifayi domin wani kamfani zai yi mini intabiyu ta bidiyo ranar Alhamis. Inna ta ce a ba Malam Barau tela lambar sirri, shi da 'yan gidaje biyu. Na fara gardama, ta ce, "Ba a rufe wa maƙwabci rijiya." Shi ke nan, kowa ya hau sauke fina-finai yana tura wa wani, network ya koma tafiyar hawainiya.

Wata rana zan fita, na ce, "Kawu, kada ka ƙara gaya wa kowa lambar nan." Da na dawo sai na tarar da ita rangaɗa-rangaɗa da gawayi a bangon zaure, mutane sun yi cincirindo suna kwafa. Har mai sayar da rake ya ajiye baro.

"Kawu! Me na ce maka?"

"Wallahi, ɗan nan, ban buɗe baki ba. Tambayi Barau."

Malam Barau ya ce, "Na shaida. Ko sallama bai amsa ba."

Wata rana kuma na nuna masa 'yar fitilar na'urar. Na ce, "In ka ga tana ƙiftawa da sauri, wani ne ke jan fim. Ka hana." Ban yi awa ɗaya ba na dawo na iske ya liƙe fitilar da ƙullun ƙosan Inna. Ya ce, "Ta yi taurin kai, amma yanzu ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba." Ranar ƙosai bai kai ba, kuma ni aka yi wa faɗa.

Wata rana, ranar Alhamis ɗin ke nan, na tashi hankalina a tashe. Na gwada kwamfuta, hotona ya sandare baki buɗe. Na roƙi Inna ta bar ni in canza lambar, ko ta awa ɗaya ce. Ta ce ba a gidanta ba. Cikin takaici na ce, "To ai ko famfo layi ake bi, kuma sai mai famfo ya gama ɗiba!" Ban san Kawu na bayana ba.

Gida-gida ya bi. Ya ce daga yau wayifayi layi ne, kowa ya kawo wayarsa ya ajiye kamar jarka ya tafi harkarsa. Ba wanda ya musa, don a unguwarmu ko dagaci ba ya tsallake layin famfo. Waya ashirin da uku ya jera a tsakar gida. Can ya ga rana na dukansu, ga kaji na yawo, sai ya zuba su cikin tsohon akwatin ƙarfe na Inna, ya rufe ruf, ya hau kai ya zauna.

Ni ban san an yi ba. Kawai na ga hoto ya washe, murya tangaram. Ashe ƙarfen ne ya tare wayoyin, ba wadda ta iya jan komai. Minti arba'in muka yi ana intabiyu, matar kamfanin da ke tambayata ta ce in fara ranar Litinin, daga gida.

Na fito da gudu in yi wa Inna albishir, sai na ji Malam Barau a zaure yana kumfar baki.

"Nomau, miƙo mini wayata! Masu ɗinkin biki na can suna nemana!"

Kawu ko motsi bai yi ba. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan nan, ka gama ɗiba?"

Na ce, "Na gama, Kawu. Amma ranar Litinin zan dawo da sassafe."

Ya gyara zama a kan akwatin. "To Barau, ka ji. Sai Talata."