Ranar da Na Kama Ɓarawon Yara a Tashar Kalgo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na naɗa kaina ɗan sandan ciki alhali ba wanda ya ɗauke ni aiki.

Lokacin ina sabon malamin firamare a Gwandu, ƙarshen shekarun tamanin. Hedimastanmu ya sayo bidiyo, wata Asabar bayan la'asar ya tayar da janareta ya kira mu kallo. Tsohon fim ɗin Turawa ne, baƙi da fari. Na zauna ina taɓe baki. Kafin minti goma bakin nan ya buɗe, bai sake rufuwa ba.

Wai! Wani mutum mai malfa da baƙin tabarau ya sace 'yar wani attajiri a ƙofar makaranta, yana bugo waya yana cewa a kawo kuɗi ko a ga gawa. Inuwarsa kaɗai in ta hau bango sai tsikar jikina ta tashi. Ga kuma wani ɗan sandan ciki, ba ya ihu, ba ya gudu. Tambaya biyu zai yi ya kafe mutum da ido, sai mai laifi ya fara in'ina. Allah Ya ba mutanen nan basira! (Rabin Turancin ya wuce ni, amma kallon nan na haddace shi. Mako guda ina gwada shi a kan 'yan aji uku.)

Ran nan na je Kalgo gaishe da gwaggona. Ina sauka a tasha sai na hango wani dogon mutum, malfa a ka, baƙin tabarau a ido, ya saɓa yarinya 'yar shekara biyar a kafaɗa zai shiga a-kori-kura. Tana ta shure-shure tana ihu, "Ba ni zuwa! Inna!"

Nan take na tuna mai malfar cikin fim. Na tare shi, na kafe shi da ido.

"Malam, ɗiyarka ce?"

Ya kau da kai.

"To mi ne sunanta?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yarinyar gida ce."

Tambaya biyu, ba amsa! Na buɗe murya iya ƙarfina: "Jama'a, ɓarawon yara!"

Kafin ka ce me, 'yan kamasho da mahauta sun yi masa zobe. Wani ya ƙwace yarinyar, wani ya sharara masa mari, wani kwandasta ya zaro ƙarfe daga ƙarƙashin kujera. Ana ta ce masa, "In taka ce ka faɗi!" Kalma biyu za su cece shi. Bai faɗa ba. Jini na zuba a leɓensa, tabarau ya faɗi, sai ga idanu jajur masu ciwo.

Wata tsohuwa mai nono ce ta dire ƙwaryarta ta ratso taron.

"Ku sake shi, la'ilaha illallahu! Ai Buba ne na Dangoma. Ɗiyarshi ce ta fari, wurin kakarta take, asibiti zai kai ta a yi mata allura. Wane marar kunya ya ce Bafillace ya ambaci ɗiyar fari cikin kasuwa?"

Duk suka juyo suna kallona. (Kwandastan bai ajiye ƙarfen ba, na lura.)

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, a Ingila aka haife ka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni fa ɗan fari ne! Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "wancan yaron". Kaset ɗaya ya mantar da ni abin da na sha a nono.

Buba ya ɗauki malfarsa ya kakkaɓe. Yarinyar ta ƙwace ta ruga ta ƙanƙame ƙafarsa, tana harara ta. Na fara ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ba komi, malam. Tsare ta ka yi niyya."

Ko a nan bai kira sunanta ba. Wallahi har yau ban ga jarumi irinsa ba, a cikin akwatin kallo ko a wajensa.

Tun ranar na gane cewa a ƙasarmu ba kowane shiru ne na marar gaskiya ba. Da a ce ni ma na ari kaɗan daga nasa, da leɓen bawan Allah bai fashe ba.