Takalman Kwamandan Kwalbati

Har yau a Tudun Wada ba a manta da ranar da Malam Dalhatu ya shiga kwalbati da shuɗin wandon shadda ya fito da shi kala biyu ba. Amma rashin adalci ne a riƙa tuna babban mutum da wando kawai.

Malam Dalhatu, wanda ake wa laƙabi da Kwamandan Kwalbati, shi ne shugaban masu yashe magudanan ruwa na shiyyar. Mutum ne mai kishin aiki. Yakan tsaya a inuwa, hankici a hanci, yana nuna wa masu shebur inda laka take, kada su neme ta su rasa. Babban abin alfaharinsa kuwa takalman ruwan da aka kawo wa ma'aikata. Ya jera su a sito, shi da kansa yake goge su, kuma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani. Albarkacin kulawarsa, ko ɗaya bai taɓa jiƙewa ba.

Mai tayar masa da hankali shi ne Baba Nehemiah, dattijon da ke yashe kwalbatin bayan wani kamfanin sabulu, inda ruwa ke fitowa da ɗumi da kumfa, warinsa na shaƙe maƙogwaro. Fatar ƙafar Baba ta fara saɓulewa, tsakanin yatsu duk ya tsage, silifas ma da ƙyar yake sawa. Ya roƙi takalmi ko na aro ne, don in ƙafar ta tafi, aikin ma ya tafi.

Wannan jahilci ya ba Kwamanda takaici. Ya tara ma'aikata da masu shagunan bakin titi.

"Jama'a, ruwan sabulu ne fa. Sabulu kuwa tsabta ce. Baba, ana wanke maka ƙafa kyauta kullum, kana ƙorafi?"

Don ya rufe bakin kowa, ya tuɓe takalminsa ya ba wani ya riƙe. Wando kam bai naɗe ba, shugaba ba ya nuna ƙwauri. Ya sauka har gwiwa yana ɗaga wa jama'a hannu. Jawabi bai yi nisa ba ya fara canza ƙafa, can sai ya koma salati. Baba Nehemiah ne ya jawo shi waje, Jummy mai abinci ta juye masa jarkar ruwanta kaf. Wando ya koɗe daga gwiwa zuwa ƙasa, gashin ƙwauri ya bi ruwa. Kwanaki Kwamanda na tafiya kamar mai taka garwashi.

Ranar da ya dawo, Jummy ta zuba masa shinkafa, ta yi masa barka da wanka, ta tambaya ko sabulun ya yi kumfa yadda Oga ke so. Ta ce ai yanzu dai Baba zai samu takalminsa.

Kwamanda ya ajiye cokali, ya dube ta da tausayi.

"Ke Jummy, ba ki san aikin ofis ba. Ruwan da ya yi wa shadda haka, me kike tsammanin zai yi wa sabon takalmi?"